Mutum Uku Ne a Cikin Maganar, Amma Marar Laifin Ake Kashewa



'Yan uwa, yau zan taɓo maganar da ba mu saba yin ta a fili ba, sai dai a raɗa a bayan ɗaki ko a gefen taron biki: maganar zubar da ciki. Na san akwai waɗanda za su ce wannan shafi na ƙungiya ne, yara na karantawa, bai dace a kawo irin wannan ba. Ina ba su haƙuri. Yaran da muke ɓoye wa maganar sun riga mu sanin sunan ƙwayar da kuɗinta da irin shagon da ake samunta. Mu manya ne kawai muke yi kamar ba mu san ana yi ba.

Ku dubi yadda muke kiran abin ma. Ba mai cewa an kashe ɗa. Sai a ce an wanke mata ciki, ko a ce al'adarta ce ta tsaya aka ba ta magani ta sauko. Ko kuma yarinya ta ɓace daga unguwa sati biyu, a ce ta je hutu wajen gwaggonta a Minna ko Kaduna, ta dawo a rame idanu sun faɗa, a ce taifot ta yi. Maƙwabta su ce Allah ya ƙara sauƙi, kowa ya sani, kowa ya yi shiru.

Duk cikin da aka samu ba tare da aure ba, mutum uku ne a cikinsa. Akwai namijin, akwai macen, akwai ɗan da ke kwance a mahaifa. Biyun farko sun saɓa wa Allah, in kuma fyaɗe ne to ɗaya ne ya saɓa. Na ukun bai san hawa ba bai san sauka ba. To ku duba yadda muke raba hukunci. Namijin yana yawonsa a gari a kan babur, gobe ma a ba shi 'yar wani da kayan ɗaki. Macen tana kwance tsakanin rai da mutuwa. Shi kuwa wanda bai yi komai ba, shi aka yanke wa hukuncin kisa, ba alƙali, ba shaida, ba ɗaukaka ƙara. An bar jaki ana dukan taiki.

Bari mu fara da addini, don a nan ne wasu ke neman mafaka. Za ka ji an ce ai jini ne kawai, ba a busa masa rai ba tukuna. Wannan magana an tsinto ta ne daga hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud da ke cikin Buhari da Muslim, wanda shi ne na huɗu a Arba'una Hadis da yaranmu ke haddacewa a Islamiyya. Ma'anarsa ita ce halittar mutum tana yin kwana 40 a matakin maniyyi, wasu 40 gudan jini, wasu 40 tsoka, sannan a aiko mala'ika ya busa rai. Kwana 120 ke nan, wata huɗu. Bayan wannan lokaci babu saɓani tsakanin malaman Musulunci cewa zubar da shi kashe rai ne, sai fa inda likitoci amintattu suka tabbatar uwar za ta rasa ranta idan an bar shi. Kafin wata huɗu kuwa akwai saɓani, ba zan ɓoye ba, wasu malaman Hanafiyya da Shafi'iyya sun sassauta idan akwai uzuri mai ƙarfi. Amma mu a ƙasar nan Malikiyya muka gada, da ita ake ɗaura mana aure, da ita ake raba mana gado, kuma a wannan mas'ala ita ce ta fi kowa tsanani. Abin da ya shahara a mazhabar, kamar yadda Shehu Dardir ya kawo a sharhinsa na Muhtasar, shi ne da zarar maniyyi ya zauna a mahaifa bai halatta a fitar da shi ba, ko da bai cika kwana 40 ba. Imam Gazali ma, da yake Bashafi'e ne, ya rarrabe a cikin Ihya'u tsakanin hana ɗaukar ciki da zubar da shi. Ya nuna cewa zubarwa ta'addanci ne a kan abin da ya riga ya samu, kuma laifin yana ƙara girma ne gwargwadon yadda halittar take ƙara cika.

Ban da wannan, ku dubi yadda Shari'a take lissafa ɗan tayi cikin mutane tun bai fito ba. Idan mutum ya rasu ya bar matarsa da ciki, alƙali ba ya raba gado sai ta haihu, ana jiran rabon wanda ba a ko ga fuskarsa ba. Idan an saki mace mai ciki, Suratuɗ Ɗalaƙ ta ɗora wa mijin ciyar da ita har ta sauka. Azumin Ramadan, rukuni guda na Musulunci, an yarje wa mai ciki ta sha idan tana tsoron cutuwar abin da ke cikinta. Kuma wanda ya jawo ɓarin cikin mace akwai diyya a kansa. Wata mata daga ƙabilar Huzailu ta jefi wata da dutse, ta kashe ta da abin da ke cikinta, Manzon Allah (SAW) ya yanke diyyar matar daban, ta ɗan tayin daban. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya san an ƙiyasta wannan diyya da dinari 50 ko dirhami 600, wato kashi ɗaya cikin goma na diyyar uwar. Abin da ake tsayar da rabon gado dominsa, a sha azumi dominsa, a biya diyya a kansa, ta yaya zai zama jini kawai?

Yau ma ba sai an yi dogon musu ba. Duk wanda ya taɓa raka matarsa sikanin ya gani da idonsa. Wajen sati shida ana iya hango bugun zuciya a na'ura, kafin sati 12 kuwa yatsun hannu da na ƙafa sun fito. Matakan halittar da Suratul Muminun ta lissafa, ga su nan a allon kwamfuta, ma'aikacin asibiti yana nuna maka da ɗan yatsa.

Amma hujjar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ƙissar matar nan Bagamidiya da ke cikin Sahihu Muslim, don ta shafi ainihin irin cikin da muke kashewa. Matar ta zo da kanta ta yi iƙirarin zina, ta nemi a tsarkake ta. Manzon Allah (SAW) ya mayar da ita. Ta sake dawowa ta ce tana da ciki. Ya ce ta koma sai ta haihu. Ta haihu ta kawo jaririn a naɗe cikin tsumma, ya ce ta koma ta shayar da shi har ta yaye. Ta dawo da yaron yana riƙe da gutsuren gurasa a hannunsa, alamar ya fara cin abinci. Sai a lokacin aka miƙa yaron ga wani Musulmi ya riƙe, sannan aka zartar da hukunci. Da Halidu ɗan Walidu ya zage ta, Annabi ya tsawatar masa, ya yabi tubanta, kuma ya sallace ta.

Ku tsaya a kan wannan. Haddin Allah ne da kansa aka dakatar tsawon watannin ciki da na shayarwa, saboda ran ɗan da aka samu ta hanyar zina. Ba a ce a fitar da shi a huta ba. Ba a ce shege ne ya ɓata sunan dangi ba. An jira shi ya fito, an jira shi ya ƙoshi da nono, an nema masa mariƙi. Idan shugaban halitta ya yi wa ɗan zina wannan gata, wane ne ni, wane ne kai, da za mu ce martabar gidanmu ta fi ransa? Alƙur'ani ya maimaita a wurare da dama cewa wani rai ba ya ɗaukar laifin wani. A fiƙihunmu wannan yaro ɗan uwarsa ne, yana gadonta tana gadonsa, Musulmi ne cikakke kamar kowa. Jaririn da aka tsinta a yashe ma ɗaukarsa farali ne a kan al'umma, in kowa ya wuce ya bar shi duk gari sun yi laifi.

Yanzu ga inda maganar take da ɗaci. Mun fi son mu ɗora laifin a kan Turawa da ƙungiyoyin waje da fina-finai da wayar hannu. Suna da nasu rabon, zan zo kansu. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Yarinya 'yar shekara 15 ko 16 da take talla, ina ta ga kuɗin zubar da ciki? Wa ya san matar da ke yi a bayan gari? Wa ya ɗauki mayafi da asuba ya riƙe hannunta suka shiga mota? Sau da yawa uwa ce, ko gwaggo, ko yayar uwa. Uban kuma ya sani. Yana miƙa kuɗin ya kau da kai, ya ce shi dai kar ya sake jin maganar, ya ɗauki carbinsa ya tafi masallaci sahun farko. Iyayena mata, ku gafarce ni, na san wutar da ke cin zuciyar uwa a irin wannan rana. Tana tuna gorin kishiya, tana tuna habaicin gidan suna, tana tuna ƙannen yarinyar da za a ƙi aura. Amma ku tambayi kanku, me ya sa Larabawan jahiliyya suke binne 'ya'yansu mata da rai? Tsoron kunya da tsoron talauci, ba wani abu ba. Suratun Nahli ta siffanta mutumin da aka yi wa albishir da 'ya mace yana ɓuya daga mutane yana shawarar ya riƙe ta a wulaƙance ko ya turbuɗe ta cikin ƙasa. Suratut Takwir kuma ta ba mu labarin ranar da za a tambayi wadda aka binne laifin da ta yi aka kashe ta. Bambancinmu da su shi ne su sukan jira a haifa, mu ba ma jira.

Musulunci bai ce a tona asiri ba. Rufin asiri ibada ne. In 'yarka ta yi kuskure ba a ce ka kai ta kasuwa ka buga ganga ba. Kana iya kai ta wajen 'yar uwarka a wani gari ta haihu a sirrance, dangi su riƙe abin da aka haifa, ita ta tuba ta yi aurenta. Iyayenmu na da sun yi haka. Abin da babu shi a addini shi ne rufe zunubin zina da zunubin kisa, wanda ya fi shi girma. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, balle kuma jikanka.

Sai maza. A nan ba zan sassauta ba, don ni ma namiji ne kuma na san hirar majalisa. Saurayi ko magidanci mai mata biyu zai yaudari yarinya da waya da kuɗin kati da alƙawarin aure, ranar da ta ce masa ba ta ga wata ba sai ya zama baƙo. Mai ɗan dama-dama shi ne wanda zai tura mata kuɗi ta asusun ƙawarta ya ce ta san yadda za ta yi. Wannan kuɗi kuɗin jini ne, kuma wanda ya biya a yi kisa yana cikin kisan. Muna tuna shari'ar Amina Lawal a jihar Katsina. A 2002 wata kotun shari'a a Bakori ta yanke mata hukuncin jifa saboda ta haihu ba aure, mutumin da ta ambata ya rantse aka sallame shi, sai a watan Satumba na 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a ta jihar ta wanke ta. Duniya ta yi ta surutu a kan hukuncin, amma darasin da 'yan mata suka ɗauka daban ne: ciki shaida ne a kan mace, namiji kuwa rantsuwa ta ishe shi. Duk al'ummar da ta bar namiji ya sha da sauƙi haka, ta kuma jibge wa mace dukkan kunyar, ita ce take tura 'ya'yanta wajen masu zubar da ciki. Kome za a ce game da waccan baiwar Allah, ta haifi 'yarta, ta rungume ta ta shiga kotu da ita.

Kar kuma a ɗauka 'yan mata ne kaɗai. Matan aure suna yi, kuma ba kaɗan ba. Wata tana goyon ɗan wata bakwai ta ga ciki, tsoron a ce ta yi kwanika ya sa ta nemi jiƙo. Wata mijin ne zai ce shi bai shirya ba, buhun masara ya fi ƙarfinsa, ta zaɓa ko cikin ko aurenta. Ba na raina talauci. Kowa ya san yadda rayuwa ta koma tun da aka cire tallafin mai a 2023, ga gonakin da rashin tsaro ya hana nomawa. Amma Allah ya ambaci wannan uzuri da sunansa har sau biyu, a Suratul An'am ga wanda yake cikin talaucin, a Suratul Isra'i ga wanda yake tsoron ya faɗa ciki, kuma duka biyun ya hana, ya ce arzikin iyaye da na 'ya'yan a wuyansa yake. In ma'aurata suna son hutu tsakanin haihuwa, ƙofa a buɗe take tun kafin ciki ya shiga. Sahabbai sun yi azalu a zamanin Annabi, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi a zamanta na Kuwait a 1988 ta halatta tazarar haihuwa ta wucin gadi da yardar miji da mata. Malam maigida, in ba ka shirya ba, lokacin faɗa shi ne kafin, ba bayan an riga an halicci mutum ba.

Kai kuma mai kemis, da ke mai jiƙe-jiƙe, da kai ma'aikacin lafiya da ke buɗe ɗakin bayan gida da dare. Akwai ƙwayar da aka yi domin gyambon ciki, asibitoci kuma suna amfani da ita wajen tsayar da zubar jini bayan haihuwa, ba zan ambaci sunanta a nan ba. Magani ne mai ceton rai a hannun wanda ya sani, kai ka mayar da shi wuƙa. Lasisin ƙaramin shagon magani bai ba ka damar sayar da irin wannan ba tare da takardar likita ba, kai ma ka sani. Kana naɗe ta a takarda ka miƙa wa yarinyar da ba ka san watannin cikinta ba, ba ka san ko cikin a mahaifa yake ko a wajenta ba. Idan jini ya ɓalle da tsakar dare ba ka nan. Wasu mahaifar ce ke hujewa, wasu ragowar da ta maƙale ce ke ruɓewa ta zama ajalinsu, wasu su rayu amma haihuwa ta ƙare musu har abada, sai bayan aure a yi ta yawon gidan malamai ana zargin kishiya. Dokar ƙasa ma ba ta bar ka ba. Sashe na 232 na kundin Final Kod da ake aiki da shi a Arewa ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 ga wanda ya zubar wa mace ciki, sai dai in an yi ne da kyakkyawar niyya don ceton ranta. Ga shi kuma jiharmu ta Neja tana cikin jihohin da suka ƙaddamar da Shari'a a shekarar 2000, zamanin Gwamna Abdulƙadir Kure. Doka tana nan, masu aiki da ita ne suka yi barci.

Wani zai ce ai wannan matsalar Kudu ce. Cibiyar Guttmacher ta Amurka, wadda ita kanta mai goyon bayan halatta abin ce, ta ƙiyasta cewa an zubar da ciki miliyan 1.25 a Nijeriya a shekarar 2012 kaɗai. Ku raba da kwanakin shekara, ya haura 3,400 a kullum. Kuma a wannan lissafi, cikin kowace mace 1,000 masu shekarun haihuwa, Arewa maso Gabas tana da 41, Kudu maso Yamma inda Legas take tana da 27. Ba mu da bakin yi wa kowa gori.

To sai masu neman a halatta. Ba su gaji ba, kuma ba za su gaji ba. Yarjejeniyar Maputo ta 2003 kan 'yancin matan Afirka, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2004, tana da sashen da ya buɗe ƙofar zubar da ciki har da dalilin lafiyar ƙwaƙwalwar uwa, kalmar da za a iya shimfiɗa ta ta rufe kowane irin dalili. A jihar Imo an shigar da irin wannan cikin wata doka a 2012, sai da Kiristoci suka tashi tsaye Gwamna Rochas Okorocha ya janye a 2013. A watan Yuni na 2022 gwamnatin Legas ta fitar da ƙa'idojin zubar da ciki, ba a yi nisa ba Gwamna Sanwo-Olu ya dakatar da su saboda matsin lambar shugabannin addini. Maƙwabciyarmu Jamhuriyar Benin kuwa, wadda muke iyaka da ita ta ƙasar Borgu, majalisarta ta amince a watan Oktoba na 2021 a zubar da ciki har zuwa sati 12 idan zai kawo wa mace cikas a karatu ko aiki ko abin hannu. Wato ɗa ya zama abin da ake aunawa da jarrabawa. Faransa ta sa shi a kundin tsarin mulkinta a 2024, yayin da Amurka da ta ba duniya misali a 1973 kotun ƙolinta ta warware hukuncin a 2022. A wannan yaƙi mu da 'yan uwanmu Kiristoci layi ɗaya muke. Cocin Katolika, da ke da bishop a nan Kontagora, tana koyar da cewa rai yana da alfarma tun daga ɗaukar ciki, kuma a Imo da Legas su ne suka fi ɗaga murya. Ya kamata 'yan majalisarmu na Minna da na Abuja su san muna kallon duk wani ƙudiri da zai zo da sunan lafiyar mata alhali da wata manufa a ƙarƙashinsa.

Babbar hujjarsu ita ce mata suna mutuwa a hannun 'yan ka-ci-ka, gara a halatta a yi a asibiti. Mutuwar gaskiya ce, ba na musu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata kusan 82,000 ne suka mutu a Nijeriya a 2020 sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya, kuma zubar da ciki na ɓoye yana cikin dalilan. Amma mu da muke zaune a nan mun san abin da ya fi kashe matanmu: zubar jini babu jinin ƙari a kusa, jijjiga, doguwar naƙuda, da mace mai naƙuda a kan babur daga ƙauyen Mariga ko Mashegu a kan hanyar da mota ba ta bi. Waɗannan mata suna son 'ya'yansu, haihuwa suka zo yi. Wanda yake tausayin mace da gaske ya kawo mana ungozoma da ma'ajiyar jini da motar asibiti da hanya. Inda kuma ran uwa yake cikin haɗari, addini da doka duk sun riga sun ba likita dama, ba a buƙatar sabuwar doka. Kuma ina roƙon ma'aikatan lafiyarmu, duk yarinyar da aka kawo tana zubar da jini, ko ɓari ne ko ita ta jawo, a ceci ranta tukuna ba zagi ba tsawa. Wanda ya ce yana kare rai ba zai bar uwar ta mutu a kan benci don ya koya mata hankali ba.

Akwai wata mas'ala da ba zan tsallake ba don ta fi kowace nauyi a masarautar nan. 'Yan bindiga sun ɗebi matanmu da 'ya'yanmu daga ƙauyukan Mariga da Magama da Rijau da sauransu, wasu sun dawo daga daji da ciki. Wannan baiwar Allah ba ta da zunubi ko ƙwayar zarra, wanda aka tilasta ba shi da laifi a addini. Wasu manyan malamai na wannan zamani sun yi sassauci ga wadda aka yi wa fyaɗe a farkon kwanakin ciki, kuma ni ba malami ba ne da zan rufe ƙofar da suka buɗe. Abin da nake cewa shi ne wannan fatawa ce da malami masani da likita za su zauna a kanta su dubi halin mace ɗaya ɗaya, ba hukuncin da mai kemis ko tsohuwar unguwa za su yanke ba. Kuma yawancin waɗanda suka daɗe a daji suna dawowa ne ciki ya riga ya wuce wata huɗu, inda babu sauran saɓani. To me muka tanadar musu? Miji ya ce ba zai karɓe ta ba. Dangi su riƙa kiran jaririn ɗan ɓarayi. Mu da muka kasa kare ta ranar da aka ɗauke ta, mu ne kuma muke ƙyamarta ranar da ta dawo. Idan muka hana ta zubarwa sannan muka juya mata baya, mun haɗa mata zafi biyu, kuma Allah zai tambaye mu.

Shi ya sa nake ganin wa'azi kaɗai ba zai wadatar ba, ko da yake ina roƙon limamanmu na Juma'a da malaman makarantun matan aure su fito su kira abin da sunansa, su kuma haɗa da mazan a cikin huɗubar. Dole mai ciki ta san akwai ƙofar da za ta ƙwanƙwasa wadda ba ta kemis ba. Dole saurayi ya san in ya ɓata 'yar mutane mai unguwa zai kira ubansa, kuma ɗawainiyar asibiti da ta jariri ba za ta faɗa kan iyayen yarinya su kaɗai ba. Sannan mu dubi tsadar da muka ɗora wa aure, lefe akwati kaza, kayan ɗaki na gasa, har yarinya ta shekara biyar da mai sonta a hannu ana jiran kujeru.

Na nemi izinin shugaba, an sa abu biyu a ajandar taronmu na ƙarshen wata. Na farko, a zaɓi dattijai mata uku masu riƙon sirri waɗanda uwa ko yarinya za ta iya samu a ɓoye idan irin wannan ta faru, su tsaya mata har ta sauka lafiya. Na biyu, a ware wani abu daga asusun taimakon marayu domin awo da haihuwa da madarar irin waɗannan jarirai, musamman na matan da suka dawo daga hannun 'yan bindiga. Mai shawara ko gyara ya zo da ita wurin taron, malamanmu kuma muna buƙatarku a zaman. Sharaɗi ɗaya ne: ba za a ambaci sunan kowa ko gidan kowa ba, ko a taron ko a wannan shafi.

Wassalamu alaikum.

Sakataren Ƙungiya,
Kontagora, Jihar Neja.